Zuwa ga Gwaggo, kan maganar gwiwar nan

Gwaggo,

Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi. Inna ta gaya mini tun da kuka koma gidan bene gwiwarki ta dama take damunki, har kin rage saukowa tsakar gida, kuma kina cewa sanyi ne kawai. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na rubuto.

Tafiya a ƙasa ba ta cika wahalar da gwiwa ba. Amma da kin ɗora ƙafa kan matakala, a lanƙwashe gwiwar take ɗaga jikinki gaba ɗaya, sai ƙoƙon gwiwa ya danne ƙashin cinya da ƙarfin da ya kai nauyinki sau 3. Saukowa ma ba ta fi sauƙi ba. Shi ya sa ciwon da ba kya ji a hanyar kasuwa yake bayyana a kan bene.

A shekarunki, abin da na fi zargi shi ne amosanin gaɓa, wato guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ya fara cinyewa. Ki lura: idan gwiwar tana sanƙarewa da asuba sannan ta saki kafin rabin awa, tana ƙara in kin lanƙwasa ta, kuma tashi daga zaman tahiya yana ba ki wuya, to alamunsa ke nan. Sau da yawa raunin tsokar cinya yana tare da shi, kuma nan ne damuwata. Tsokar nan ita ke riƙe ƙoƙon gwiwa a kan hanyarsa. Kina jin ciwo, sai ki rage motsi. Kina rage motsi, tsokar na ƙara rauni, ciwon na ƙaruwa. Zaman ɗakin da kike yi don ki huta, Gwaggo, ba ya taimakonta.

Akwai kuma wani guringuntsi a tsakanin ƙasusuwan biyu da kan yage, ko da a wajen tsugunno ne. Shi ciwonsa a gefe yake, da kumburi, wani lokaci gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa. Ciwon jijiyar da ke ƙasan ƙoƙo kuwa ya fi kama samari 'yan ƙwallo. Amma in gwiwar ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, kada ki kwana ba ki je asibiti ba.

Don Allah ki dakata da ƙwayoyin kemis da kike sha kullum. Irin su diclofenac da ibuprofen suna kwantar da ciwo, amma yawan shansu na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, ga ki da hawan jini. Kada kuma ki bari a yi miki tsaga a kan gaɓar. Ki sa Yaya ya kai ki Asibitin Ƙashi na Dala, likita ya duba da hannunsa, in da hali a ɗauki hoto, a haɗa ki da masu gashin ƙashi su koya miki motsa jiki.

Kafin nan, ki zauna a kujera ki miƙe ƙafar, ki riƙe ta jim kaɗan, ki sauke a hankali, kamar sau 10 safe da yamma. A bene ki kama ƙarfe, ki hau da ƙafa mai lafiya, ki sauko da mai ciwon. Ki yi haƙuri in taɓo maganar jiki: duk kilo 1 da ya ragu yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Ranar da sujada ta gagara, kin san addini ya yarda ki yi salla a zaune.

Ki gaida Kawu da yara. Ina jiran jin abin da likita ya ce.

Wassalam,
'Yarki