Zauren salula yana buƙatar magatakarda

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Madarunfa. Maganar da na kawo muku a wannan wata ta salula ce, da irin aikin da ake yi da ita tsakanin ma'aikatan gwamnati da mutanen karkara.

Kun san WhatsApp. Wanda ba shi da shi ya gan shi a hannun ɗansa ko maƙwabcinsa. A Amurka aka ƙago shi a shekarar 2009, kamfanin Facebook ya saye shi a 2014. Abin da ya sa ya karɓu a ƙauye shi ne saƙon murya. Ka danna, ka yi magana, ka saki. Ba sai ka san baƙi ba. Kuma ana iya tara mutane da yawa wuri guda, abin da ƴan birni ke ce wa gurup. Mu zaure muke ce masa, don ya yi kama da zauren mai gari: kowa ya shigo ya ji, mai magana ya yi.

Mu malamai muna da namu zauren. A da, in shugabanninmu na Madarunfa suna son mu, sai su ba direba takarda ranar kasuwa. Wani lokaci takardar kiran taro takan iso bayan an watse. Yanzu kafin a yi sallar azahar na Gabi ya ji, na Safo ya ji, na Ɗan Isa da na Sarkin Yamma sun ji. Rahoton wata kuwa hotonsa muke ɗauka mu aika. In lissafin rabawa ya gagari ɗalibaina, sai in tambayi abokan aiki yadda suke koyar da shi, kafin dare na sami amsa biyu ko uku.

Malaman gona sun fi mu cin moriyar abin. Tun shekarar 2017 RECA, wato haɗin gwiwar majalisun manoma na Nijar, ta buɗe wurin amsa kiran manoma, tana kuma aiki da WhatsApp cikin harsunan ƙasa. Manomi ya ga wani ƙwaro a gonarsa, ya ɗauki hoto ya aika, a gaya masa ko mene ne da abin da zai yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Murzunar hatsi mun san ta tun kaka da kakanni. Amma tsutsar nan mai cin zuciyar masara baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta fito, a 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma. Tsoho bai san ta ba balle yaro. Ga mai noman rani a Jiratawa, sanin sunan ƙwaro yau ya fi saninsa mako mai zuwa.

Dattawa za su ce ai ba yau aka fara ba, kuma gaskiyarsu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙasar nan. Mutane su taru su saurara, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai gidan rediyo. Bambancin kawai, a can akwai jagora guda mai tsara magana. A zauren salula sau da yawa babu.

To, ga abin da ke damuna. Wasu ɗalibaina sun rage zuwa karatu. In na tambaya, sai su ce: "Malam, tunda salula tana magana, wahalar baƙi da wasali ta mece ce?" Wanda ya fara gaya mani haka dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ban yi masa musu a gaban jama'a ba. Amma amsar tana nan, kuma daga cikin zauren kansa na samo ta.

Murya ba ta da kwanan wata. Ba ta da hatimi. In aka tura ta daga hannu zuwa hannu, ba ka san ranar da aka yi ta ba, ba ka san garin da ake nufi ba.

Ku dubi maganar sakin gonaki. Kowace shekara bayan girbi hukuma takan zauna da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya a tsai da ranar da dabbobi za su shiga gonaki. Ranar wannan yanki ba lalle ta zama ta wancan ba, don damina ba ta ɗaukewa lokaci guda. Wata kaka wani saƙon murya ya shigo zaurukan ƙauyenmu yana cewa an saki gonaki daga ranar Juma'a. Muryar ta babban mutum ce, Hausarsa tsaf. Makiyayan da ke zaune arewa da mu suka ji, suka fara shirin kora. Alhali wake yana nan a gona ba a gama roro ba, dawa ma ba a kai ta rumbu ba. Allah ya sa ardonsu mai haƙuri ne, ya aiko yaro wurin mai gari ya tambaya. Da aka bincika, ashe saƙon na bara ne, kuma na wani yanki ne dabam. Ba wanda ya yi ƙarya. Wani ne ya tsince shi a salularsa ya tura da kyakkyawar niyya.

Duk mutumin jihar Maradi da ya kai shekara arba'in ya ji labarin Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Bayan haka, a 1993, aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye har cikin ƙauyuka. Maganar da ta kai wannan nauyi ba a barinta a bakin "an ce".

Da takardar gaskiya ta fito, hotonta aka aiko. Ga kwanan wata a sama, ga sunan yanki, ga sa hannu da hatimi a ƙasa. Da Faransanci take, sai muka nemi wanda ya fassara mana, na rubuta ta da Hausa a allon makaranta. Ɗalibaina biyu, ɗaya manomi ɗaya makiyayi, suka kwafe ranar a littafinsu. Kowannensu ya karanta wa mutanensa da bakinsa.

Haka abin yake a wajen kuɗi. Ƙungiyar manoman ƙauyenmu ta tara kuɗin takin zamani ta cikin zaure. Wannan ya ce ya ba da jaka goma, wancan ya ce a sa masa buhu biyu, duka da murya. Ranar rabo aka tashi neman maganar kowa. Ina za a gan ta? Tana binne ƙarƙashin barka da Juma'a, da sanarwar suna, da hoton ragon sayarwa. Rubutu kana iya nemansa da kalma guda, salula ta fito maka da shi. Murya kuwa sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana saurare, caji yana ƙarewa, kuɗin intanet yana tafiya. Ma'ajin ƙungiya ma ya ce ya share tsofaffin saƙonni don salularsa ta cika. Mutane biyu da suka tashi tare tun suna yara sun yi wata guda ba sa gaisawa a kan buhu ɗaya.

Ba na cewa a bar murya. Wanda bai yi karatu ba yana da hakkin a ji ta bakinsa, kuma sau da yawa shi ya fi sanin gona. A yi shawara da murya, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Amma in an gama, sai mutum ɗaya ya rubuta abin da aka tsayar: rana kaza, wuri kaza, buhu nawa, kuɗi nawa, a hannun wa. Ya sa a zaure, ya kuma kwafe a littafin ƙungiya, don salula tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a kasuwa. Wannan mutum shi ne magatakardan zaure. Ba sai mai babbar takarda ba. Wanda ya yi rani biyu a ajin yaƙi da jahilci zai iya.

Su ma ma'aikata ina da roƙo gare su. In za ku aiko sanarwa da murya, ku fara da sunanku, da aikinku, da ranar da kuke magana har da shekara, da garuruwan da abin ya shafa. Ku haɗa da hoton takarda. In da hali ku rubuta ta da Hausa, don mu ba Faransanci muka koya ba. Ku tuna kuma mata da yawa ba su da babbar salula, makiyayi a daji kuwa yakan yi kwanaki bai sami layi ba. Sanarwar da ta tsaya a zaure kaɗai ba ta kai ga kowa ba. Rediyo da mai shela ba su tsufa ba tukuna.

Masu saurin turawa kuma su yi hattara. Kamfanin da kansa ya ga ɓarnar jita-jita, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. A shekarar nan ce kuma Nijar ta kafa doka a kan laifuffukan da ake yi ta intanet. "Ni ma turo mani aka yi" ba ta gyara gonar da aka riga aka cinye.

A ajinmu yanzu na ƙara darasi guda ranar Laraba. Masu salula su zo da ita. Muna koyon rubuta kwanan wata da lamba, da sunayen watanni goma sha biyu, da yadda ake sa Hausa a madannin salula don a sami ƙ da ɗ da ɓ. Dattijon nan ya dawo. Shi aka zaɓa ya riƙa rubuta farashin tiyar hatsi da ta wake duk ranar kasuwa, yana sa wa a zauren ƙauye kafin magariba.