Ƙafafun Gizo nawa ne?

A hutun bara ne ƙungiyarmu ta yanke shawarar yi wa yaran lakwal ɗin unguwarmu, nan Maradi, ɗan littafin tatsuniya mai hoto. Ni na kawo maganar. Ƙanwata mai shekara bakwai tana iya zana maka kerkecin da ya cinye kakar yarinya mai jar hula, don ta gan shi a littafin Faransanci. Amma da na ce ta zana mini Gizo, sai ta tsaya tana tauna bik.

Matsalar ita ce, duk cikinmu babu mai hannun zane. Wani abokinmu ɗan Tahoua ne ya fid da mu. Ya ba mu labarin Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗin nan da ya zauna garinsu, ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko. A 1977 ya yi fim ɗin Samba le grand da ƴan tsana da ya haɗa da hannunsa: ya ɗan motsa su, ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa, ya ƙara ɗauka, har labari ya tashi. Abokin ya ce mu ba ma sai sun motsa ba. Mu haɗa ƴan tsana, mu jera su, mu ɗauke su da waya, mu kai fotokopi.

Muka zaɓi Gizo da hankaki, wadda kowa ya sani. Hankaki suna cin ɓaure a wata bishiya ta tsakiyar ruwa. Gizo ya roƙe su, kowa ya ba shi gashi ɗaya, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka ji haushi, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe.

Hankakin ba su ba mu wahala ba. Totuwar kara muka feƙe, muka liƙa baƙin ƙyalle da ƙaro, muka sa farin tsumma a ƙirji. Ƙyallayen tela ne ya tara mana kyauta. Ɓaure kuma reshen bedi ne, da ƴan dunƙulen laka. Ƙoƙi ma da sauƙi, tunda kowa ya san ƙoƙi-ƙoƙi da dogon wuyanta da hannuwanta a naɗe. Gizo aka bar mini.

Kwana huɗu ina kansa. Na yi ciki da yumɓu, na lanƙwasa waya takwas na naɗe su da baƙin zare, na sa masa idanu da duwatsun ado. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na ɗauke shi da murna na kai wa kakata, don daga bakinta na fara jin tatsuniyar. Bagobira ce ta Tibiri, idonta ya yi rauni sosai, da hannu take ganin abu yanzu. Ta shafa shi, ta ƙirga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini.

“Kishiya, mi na wanga?”

Na ce Gizo ne, Inna.

“Wanga tautau na. Gizo da ka zuwa hwada gaban sarki, shina noma, shina da mata, ina zai sa ƙahwa takwas cikin wando?”

Na ce to, mutum ne ke nan, in sake shi da ƙafa biyu.

“Wa ya ce miki mutum na? In an biyo shi, ba bango yaka hayewa ba?”

Raina ya ɓaci. Na ce Inna ki faɗa mini kamanninsa kawai, in yi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce shekara nawa tana ba da labarinsa, babu jikan da ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ita abin da ta sani muryarsa ce, tsamin bakin nan nasa, da kwaɗayi.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Na yi ƙoƙarin tuna Gizon da nake gani ina ƙarama, a tabarmar tsakar gida. Sai na tarar ba shi da siffa ɗaya. In yana yi wa sarki daɗin baki, wani ɗan siririn mutum ne mai kama da dillalin kasuwarmu. In ya gudu, ƙwaro ne. Yana canzawa a tsakiyar magana ɗaya, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba. Yumɓu kuwa in ya bushe ya bushe.

Ana cikin haka Kawu ya ga hankakin jere a kan taga, ya ɗaure fuska, ya ce mutum-mutumi a gidan Musulmi? Na ce Kawu, ai ya zo a hadisi Nana A'isha ta yi wasa da ƴan tsana. Ya ce ya sani, amma ni ba yarinya ba ce, kuma idanun nan da na sa wa gizon ba su kwanta masa ba. Ban yi gardama ba. Maganarsa da ta Inna, ko da yake ba hanya ɗaya suka biyo ba, wuri ɗaya suka kai ni.

Na cire idanun. Na ɗinka babbar riga da ragowar shuɗiyar shadda, na zura masa har ƙasa, na naɗa rawani ya rufe fuskar duka. Ƙafafun suna nan takwas a ciki, amma uku kawai na bari suka leƙo ta ƙarƙashin riga. Inna ta shafa, ta kai hannu ƙasa, ta taɓa ta ukun, ta yi shiru.

“To, wanga munahiki na. Ya yi.”

Mun ɗauki hoto goma sha biyu, a inuwa, da farin zane a baya. Injin fotokopi ya cinye shuɗin, hankaki da Gizo duk suka fito baƙi ƙirin. Mun buga talatin da kuɗin karo-karo. Ranar da muka raba, aji ya kaure da musu a kan ƙafa ta ukun. Wani ya ce sanda ce, wata ta ce wutsiya, wani yaro a baya ya rantse akwai sauran a ɓoye. Mushe ya bar su suka yi ta yi.

Sai dai akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Kwanan baya Inna tana ba da wata tatsuniyar daban, ta ce Gizo ya tuɓe ya faɗa rijiya. Ƙanwata ta katse ta, ta ce to rawaninsa fa? Wato ita yanzu Gizonta mai rawani ne, ni na naɗa masa, kuma ban san ko zai sake kwancewa ba. A da ba ta da Gizon da za ta zana, yanzu tana da guda ɗaya tak. Ni ina da goma a shekarunta.

Ƴan ƙungiya suna so bana mu yi ta Gizo da budurwar danƙo. Na ce zan haɗa budurwar. Gizon kuwa, na roƙi kowane shafi wani daban ya yi nasa, kada a nuna wa juna sai ranar ɗaukar hoto.