Magogin Goro

Ranar da na fara ganin magogi a hannun Baba ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ɗan murfin gwangwani ne da aka huhhuda da ƙusa, bayansa santsi, gabansa kaushi. Bayan la'asar ya zaro shi daga aljihu, ya ɓare goro, ya goga ɓari ɗaya a tafin hannu, ya watsa garin a baki. Sai da dare abin ya dawo mini. Ashe an fi wata shida yana barin tsokar nama a gindin kwano yana cewa a ba yara, mu kuma muna ta yaba masa son jikoki. Turamen haƙoransa ne suka zube, bai gaya wa kowa ba.

Tsoho ba ya kai ƙarar jikinsa. Ka tambaye shi yaya jiki sau goma, sau goma zai ce da sauƙi. Amsar gaskiya tana wurin kayansa. Butar da a da yake cikawa fal, yanzu rabi yake zuba mata. Tazugen wando ya ƙara tsawo saboda ƙugu ya rame. A masallaci ya bar bayan liman ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, don ya sami abin dafawa in zai miƙe daga sujada. Duk waɗannan sun faru a gabana, amma sai da magogi ya fito na gan su.

Baba kuwa ba ya wasa da goro. Da labarin fataken Gwanja ya tashi, waɗanda kan kora jakuna wata da watanni har kasuwar Salaga, a ƙasar Gana ta yau, su dawo da huhuna. Ko da ƙafa ta hana shi zuwa kasuwar goro ta Mariri, in aka kawo masa ƙwarya sai ya ƙirga ɗarin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ware daushe gefe, ya yayyafa wa ganyen ruwa da kansa.

A nan na yi kuskuren da nake jin masu jinyar iyaye da yawa suna yi. Don in hutar da shi, na sa yara su riƙa goga masa na yini guda tun da safe, a zuba a 'yar kwalba. Kwana biyu kwalbar na nan yadda aka ajiye ta, garin ya bushe ya yi baƙi. A rana ta uku ya kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ya ambatar sunana.

"Kai wannan, goron nawa ma sai an tauna mini?"

"Baba, gani na yi hannun yana rawa."

"To, in na yi baƙo, gari zan damtsa masa?"

Ban sami amsa ba. Ni ciwon hannu nake dubawa, shi kuma abin da ya rage masa na maigida yake karewa: ya sa hannu a aljihu, ya ɓare, ya miƙa wa wanda ya zo gaishe shi. Da yamma na mayar masa da magoginsa.

Daga nan muka sauya salo. Nama aka koma dakawa ko a yi dambunsa, kuma a tukunyar gida duka, don kada a ware masa kwano kamar majinyaci. Tuwo ya ƙara laushi, miyar kuɓewa ta yawaita, kunun gyaɗa ya zama na kullum (yara ne suka fi kowa cin ribar wannan). Da likita ya ce akwai hawan jini, a rage goro, musamman na yamma tunda yana hana barci, ban ƙwace ba. Na gaya masa yadda aka ce, shi ya yanke wa kansa ɓari ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar. Ya fi ni tsare dokar, don shi ya kafa ta.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar uku aka tattara kayansa don rabon gado. Riguna, agogo, rediyo, duk an rubuta. Magogi ba wanda ya lissafa shi. Inna, tana cikin takaba, ta sa aka miƙo mata, ta ƙulle a bakin zane ba ta ce komai ba.

Juma'ar da ta biyo baya, da aka sauko daga masallaci, mai goron da na saba tsayawa wurinsa ya naɗe mini daushe biyu a ganye tun ban yi magana ba. Bai ji labari ba. Na buɗe baki zan gaya masa, na kasa, na biya na karɓa. A hanya na ratsa ta dakalin da aminin Baba yake zama, na durƙusa na miƙa masa.

"Baba, ga goron Juma'a."

Ya daɗe yana juya ganyen a hannu. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan maza," ya laluba aljihu ya zaro nasa magogin.