Inuwa Ita Ce Ran Mutum-mutumi

Cikin ayyukan hannu da muke yi, babu wanda ya kai shafa wa 'yan mutum-mutumi fenti gwada haƙuri. A 1893 William Britain ya soma ƙera sojojin darma masu holoƙon ciki a Landan, ana shafa musu fenti mai ƙyalli, ba inuwa. Na yanzu kuwa yawancinsu na roba ne, tsawon galibinsu milimita 28, watau inci guda da ɗan ɗoriya.

To, abu in ya ƙanƙance haka, inuwarsa ba ta isa ido ya gani. Ko ka gwaninta wajen launi, daga nesa sai a ga fuska shafe, ba a rarrabe ido da hanci. Maganin wannan shi ne tsinkakken fenti, wanda ke gangarowa daga tudu ya kwanta cikin kwari, kamar ruwan sama.

Ga yadda mukan haɗa shi. Mukan ɗiga fentin akirilik sau 1, ruwa sau 5 ko 6, sa'an nan mu taɓa sabulun ruwa da bakin tsinke mu dama. Amfanin sabulun ya hana ruwan dunƙulewa, ya bi lungu-lungu. Mukan ƙara ɗan ruwan akirilik marar launi domin ya riƙe ƙwayoyin fentin, gama in babu shi sukan gudu gefe, su bushe su bar zobe mai muni. Kafin a shafa, a gwada bisa tsohuwar jarida. In rubutu ya karantu ta ƙarƙashinsa, ya yi. In ya ɓace, a ƙara ruwa.

Baƙi na takobi da sulke ne, ruwan ƙasa na fata da itace. Tufa kuwa, a ba ta launinta wanda ya fi duhu. In ya taru wuri guda, a tsotse shi da busasshen burushi nan da nan, balle da hunturu, lokacin da yakan bushe kafin ƙiftawar ido. Bayan ya bushe sarai, a koma da launi mai haske bisa hanci, da kafaɗa, da tudun ninkin riga.

'Yan'uwa, tsinkakken fenti gishiri ne: kaɗan ya gyara miya, da yawa ya ɓata aikin mako guda cikin minti ɗaya. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin ƙari yana da sauƙi, ragi kuwa wuya gare shi.