Maƙeran Zamani da Tsofaffin Babura

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta 'Yargoje, ko sauran ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya san matsayin babur. Shi ne dokin manomi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗaukar buhun masara zuwa kasuwa. Amma ba a kan su Boxer da Jincheng zan yi magana ba. Maganata a kan tsofaffin nan ce, su Honda Benly da Vespa, da kuma mutanen da ke hana su mutuwa.

Kawuna yana da Benly wanda ya saya a 1975, lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, yana malamin firamare. Injinsa lafiya lau, amma ya shekara biyu jingine a zaure saboda wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba, a cikin kafireto.

To, mene ne kafireto? Shi ne wurin da fetur ke gauraya da iska kafin su shiga inji. A cikinsa akwai wani maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Idan iska ta zo ratsa ƙuncin nan sai ta ƙara gudu, ta zuƙo fetur daga ƙoƙon da ke ƙasa. Wani masani ɗan Italiya, Venturi, shi ya bayyana wannan hali a 1797. Fetur ɗin kuwa ta wani ɗan guntun tagulla mai huji yake fitowa, wanda kanikawa ke kira jet, ga kuma wata allura da ke hawa da sauka idan an murɗa totur. Abin da inji ke so shi ne wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Hujin nan bai wuce milimita ɗaya ba, ko ƙasa da haka. In ya buɗe kaɗan, babur ya dinga shan mai yana baƙin hayaƙi. In ya tsuke, inji ya yi zafi ya dinga sarƙewa.

Da aka nemi sabo aka rasa, har Ƙofar Ruwa ta Kano, bakanikenmu ya tura mu Funtuwa wurin wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe. Ni na ɗauki kafireton a leda. Dattijon ya juya tsohon jet ɗin a tafin hannunsa, ya auna shi ta ko'ina, ya ce, "Yaro, wannan waya aka dinga zura masa don a buɗe shi, ita ta cinye shi." Daga nan ya yanko sandar tagulla ya ɗaura a inji, ya feƙe ta, ya fitar mata da zare, sannan ya huda da wani tsinke siriri kamar gashi. Guda uku ya yi, hujin kowanne ya ɗan bambanta. Ya ce a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a yi tafiya, a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In ya yi kalar soyayyar gyaɗa, to, an dace. Na biyun ne ya dace.

Jama'a, in wannan ba ilmi ba ne, mene ne ilmi? A Ingila har kamfani ake da shi da ke ƙera kafireton Amal don tsofaffin babura irin su BSA da Triumph, amma can yawanci abin sha'awa ne na masu hali. A nan buƙata ce. Buƙatar kuwa za ta ƙaru, domin tun 2020 yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a Indiya sun bar kafireto, sun koma fesa mai da na'ura. Wata rana ko na Boxer sai an nema.

Abin da ke damuna a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne, mun yi rubuce-rubuce a kan maƙeran gargajiya, da uwar maƙera da zugazugi, amma jikokinsu na Panteka a Kaduna da na Funtuwa mun kau da kai daga gare su. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Abraham a 1949, kafin baburan Japan su cika ƙasar nan. To, wa zai tattara su totur da salansa da kuloci, da salon maganar da ake yi a gindin inji?

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta kafa dokoki masu tsanani a kan babur da sayar da fetur saboda 'yan bindiga. A watan Yuni na 2024 aka kawo wa 'Yargoje hari, aka kashe mutane da dama. Ƙarar babur da dare, wadda a da take nufin maigida ya dawo, ta zama abin faɗuwar gaba. Masu sana'a suna watsewa, dattawa suna ƙarewa da abin da ke kansu.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai: ku ɗauki littafi da biro, ku tafi gindin inji ku zauna. Da tsohuwar zuma ake magani.