Kiɗan da Na Datse wa Wani Yaro

Duk mai ba da hayar kayan sauti a ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa ya saba da ƙara iri biyu. Akwai gurnani mai kauri da ke biyo wutar lantarki, domin wutar ƙasar nan tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ƙaramin janareto kuwa ba ya ma tsayawa a kan haka. Akwai kuma huci siriri da amfilifaya ke haifarwa da kanta idan aka cika mata murɗi. A wajen saukar karatu ko wa'azi ba mai damuwa da su, muryar malam tana danne su. Jitar lantarki ce ke tona asiri. Abin ɗaukar sautinta maganaɗisu ne da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla, duk gurnanin da ke kusa sai ya kwaso shi tare da kiɗan.

Ban san wannan da kyau ba sai a wata kaka, bayan an kai gero da dawa rumbu, lokacin da Buzaye ke saukowa da raƙumansu suna kiwo a kan karan gonakinmu, mu kuma mu samu taki. Aka ɗaura aure a zangonsu, suka ɗauki kayana. Mai kiɗan wani saurayi ne ɗan'uwan ango, yana gadi a Kano, ya zo da jitarsa da amfilifayarsa da ɗan akwatin eko. Kiɗan Agadas yake yi, irin na su Bombino da Mdou Moctar, wanda a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. Wannan kiɗa rabinsa a hannun da ke kan wuyan jita yake. Yatsu na dannawa suna saki a kan tsirkiya ba tare da an sake kaɗa ta ba, wata tsirkiyar kuma tana amo a ƙasa ba yankewa. Daɗinsa yana cikin ƙananan sautuka da wutsiyar da suke ja.

Da muka tada janareto, sai gurnani ya cika fili. A jakata akwai wata na'ura ta gwanjo da na saya a Sabon Gari, Boss NS-2, mai tsare ƙara. Aikinta ta saurari ƙarfin sautin da ke shigowa: in ya kai iyakar da ka sa mata ta buɗe hanya, in ya sauka ƙasa da iyakar ta rufe. A bayan amfilifayar yaron akwai ramuka biyu, na fita da na komowa, waɗanda ke tsakanin sashen da ke gyara sauti da sashen da ke tura shi ga lasifika. A nan ya jona ekonsa. Ni kuma na jona na'urata a bayan ekon, na murɗa iyakarta sama sosai, na sa ta riƙa rufewa da sauri. Gurnani ya ɗauke ɗif. Mutane suka dube ni da yabo, na ji daɗi.

Yana fara kaɗawa abin ya lalace. Sautin da ya bugi tsirkiya da ƙarfi ya fita, amma kafin ya gama jan wutsiyarsa an guntule shi. Ƙananan da yatsu ke fitarwa suna zuwa a tsittsinke, eko ya amsa sau ɗaya ya mutu. Na zama mai shiƙa a iska mai ƙarfi, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ma ta bi shi. Gurnanin kuma bai je ko'ina ba, duk sanda hanya ta buɗe yana nan kwance a ƙarƙashin kiɗan. Mata suka rage tafi. Yaron ya waiwayo ya ce, "Baba, ko wannan abin naka ne?"

Na ce masa, "Ɗana, jitarka ce. Wayoyin cikinta sun gaji."

Ban tabbatar ba, kuma zuciyata ta faɗa mini gaskiya yaron yake nema. Zare waya biyu kawai zai raba gardama. Na ƙi, don kada a ce mai kaya bai san kayansa ba a gaban baƙi. Can kuma da ya kai baki ga makirufo ya zabura, ya ce wuta ta fizge shi a leɓe. Na ce hunturu ne, ya ci gaba. Ya ƙarasa daren kansa a sunkuye, na karɓi kuɗina cif.

Daga baya labari ya iso ni cewa ya kai jitar an farke ta, an canza mata abin ɗaukar sauti da ba abin da ya same shi, kuɗin gadinsa suka tafi a kai. Wannan ne ya hana ni sukuni, har na ɗauki na'urar na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Kano, na zayyana masa yadda na jona ta. Ya ce lafiyarta lau. Mai tsare ƙara gaban eko take zama, domin in ta zo bayansa amon da ke raguwa za ta ɗauka ƙara ne ta datse. Ya nuna mini dalilin da ya sa ita kanta take da ramuka huɗu. Jita ta fara shiga cikinta, don ta saurari tsirkiya kai tsaye. Daga ramin fitarta a kai gaban amfilifaya, a ɗauko daga bayan amfilifaya a dawo mata, sannan a wuce eko, a koma ramin komowa na amfilifaya. Ta haka tana yanke hucin amfilifaya amma hannun mai kiɗa take bi. Iyaka kuwa daga ƙasa ake farawa, mai kiɗa ya dafe tsirkiyoyi, a murɗa a hankali har ƙara ta ɗauke, a tsaya nan, sannan a sa shi ya kaɗa mafi sanyin abin da zai kaɗa a ji ko ya wuce.

Da na ambaci fizgar leɓe sai fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni ko na kafa wa janareto ƙarfen ƙasa. Ban kafa ba. Wayar jonin da nake amfani da ita ma zare biyu ce, kuma na shimfiɗa wayar jita a jikin ta wuta. Gurnanin daga nan yake, kuma gargaɗi ne na toshe wa baki. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, in wuta ta zurara, mai kiɗa ne hanyar da za ta bi tsakanin jita da makirufo. Haka ta kashe Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972. Ni na tsayar da ɗan mutane a wannan matsayi, a daren bikin ɗan'uwansa.

Yanzu kafin in jona komai sai na kafa ƙarfe, kuma da yake ƙasarmu jigawa ce mai bushewa da rani, ina zurfafa shi in jiƙa gindinsa da ruwa. Janareto yana can nesa, wayar wuta da ta sauti kowace da hanyarta.

Na nemi yaron ta hannun danginsa har na same shi a bakin ƙofar gidan da yake gadi. Na gaya masa jitarsa ba ta da laifi, na san haka tun a daren, kuma na yi wasa da ransa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Baba, na yafe. Amma ka faɗa a gaban waɗanda suka ji kiɗan." Kuɗin gyara na biya shi a hankali. Da suka sake saukowa kaka ta gaba, na je zangon na faɗa a gaban dattawansu.