Kafinta ɗan Cadi cikin jirgin kara a tsakiyar teku

Wanda ya taɓa zuwa Gigimi ko Boso a da, lokacin da tafkin Cadi yake cike, ya san jirgin Buduma. Ba da itace ake yin shi ba. Wani kara ne mai fitowa cikin ruwa, wanda Turawa suke kira papirus. A yanke shi, a shanya, a ɗaure shi dami-dami da igiya, shi ke nan an samu jirgi. Buduma suna ce ma shi kadai. Da shi suke kamun kifi, da shi suke zuwa tsibiran da shanunsu suke kiwo.

A shekarar 1969 irin wannan jirgi ya shiga babbar tekun Atlantika.

Wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Tor Hayardal, shi ne mai dabarar. Ya ga zanen jiragen kara a kaburburan sarakunan Misira na da. Ya ce yana so ya gani ko irin wannan jirgi zai iya ƙetare teku daga Afirka har Amurka. Masana da yawa suka ce kara zai sha ruwa ya nutse cikin mako biyu. Sai ya tafi garin Bol, a bakin tafkin Cadi, ya nemo magina biyu, Umaru da Musa, da wani kafinta mai suna Abdullahi Jibrin, wanda yake jin Faransanci da Larabci. An yanko karan a tafkin Tana na ƙasar Habasha, wajen tan 12. An gina jirgin a kan rairayi kusa da Alƙahira. Tsawonsa metir 15, faɗinsa metir 5. Aka sa ma shi suna Ra. Daga nan aka kai shi Safi, wani gari na bakin teku a ƙasar Maroko. Ran da aka sa shi ruwa, da nonon akuya aka yi ma shi wanka.

Umaru da Musa sun koma gida. Abdullahi ya ce zai tafi.

Ran 25 ga watan mayu jiragen masunta suka jawo Ra suka fid da shi daga tasha, suka sake shi. Mutum bakwai ne a ciki, kowa da ƙasarsa: Norwe, Amurka, Italiya, Rasha, Meksiko, Misira da Cadi. Sun kafa tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikinsu mutum guda ne kaɗai ya san aikin jirgin teku sosai, Ba'amurken nan Noman Beka. Shi kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi tun farkon tafiya.

Jirgin ba shi da inji. Iska ce take tura shi, da wani babban ƙyalle da aka rataya a sanda. A baya akwai dogayen itatuwa biyu masu faffaɗan baki, su ne linzamin jirgin. Tun ranar farko, ba a ko yi nisa da gari ba, duka biyun suka karye. Ba a jima ba sandar da take riƙe da ƙyallen ita ma ta karye. Ga duwatsun gaɓar Afirka a kusa, ga jirgi ba linzami. Nan aikin Abdullahi ya fara. Ya ɗauko guntayen, ya sassaƙa, ya haɗa su da wani itace, aka naɗe da igiya. Suka sake karyewa, aka sake gyarawa. Haka aka yi ta yi har ƙarshen tafiya.

Abin da ya cece su a kwanakin nan shi ne halin tekun wurin. Ruwanta yana gudu kamar gulbi, daga Maroko ya yi kudu, ya bi ta tsibiran Kanari, sannan ya karkata yamma. Iska ma can ta nufa. Jirgin ya bi su ko da linzami ko babu. Kowace rana yana cin kilometir 90 ko 100, kamar daga Damagaram zuwa Magariya. Amma fa hanya ce ta tafiya kawai. Wanda ya shiga ba ya iya juyowa.

To yaya zaman yake? A tsakiyar jirgin akwai ɗaki guda na saƙa, kamar babban kwando, bai fi metir 4 ba. Nan mutum bakwai suke kwana, a kan akwatunan kayansu. Dare da rana jirgin yana kuka, yana ƙara, saboda dami yana gogar dami, igiya tana ja. Ƙasan ɗakin yana lanƙwasa yana miƙewa kamar bayan raƙumi mai tafiya. Tun mutane ba su iya barci har suka saba. Ana tsaro bi da bi: wani ya kwanta, wani ya tashi ya tsaya wajen linzami. Doka guda ce ba a wasa da ita. Duk wanda ya fito waje sai ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ɗaure ta ga jirgi. In mutum ya faɗa ruwa, jirgin ba ya iya tsayawa ya jira shi.

Guzurinsu irin na mutanen da ne. Sun ɗauki tuluna na yumɓu fiye da 150. Wasu ruwan sha, wasu zuma, man shanu, dabino, busasshen kifi da nama, da busasshiyar gurasa. Ƙwai kuwa cikin ruwan farar ƙasa aka jiƙa su don kada su lalace. Ɗan Meksiko, Santiyago, shi ne ma'aji: ya san abin da yake cikin kowane tulu. Ɗan Italiya, Karlo, mai hawan duwatsu ne a ƙasarsu, ya iya ƙulla igiya, shi ne kuma mai dafuwa. Ɗan Rasha, Yuri, likita ne. Ɗan Misira, Jorji, gwanin nutso ne, shi yake shiga ƙarƙashin jirgi ya dubo igiyoyi. Akwai kaji cikin akurki, an cinye su ɗaya bayan ɗaya. Agwagwa guda aka bari da rai, aka sa mata suna Simbad. Akwai kuma ƴar biri, kyautar hakimin Safi, da sunan garin ake kiranta. Wani lokaci da safe sai a tarar da kifi mai fiffike ya faɗo cikin jirgi da dare, a kai shi tukunya.

Abdullahi ya san ruwa, amma ruwan daɗi. Da ya ɗebi ruwan teku ya kai baki, sai ya ji gishiri, abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Ba abin dariya ba ne. Cikin kowane litir na ruwan teku akwai gishiri giram 35. Mutum ba ya shan shi, dabba ba ta shan shi. Ga ruwa ko'ina iyakar ganin ido, amma rayuwar mutum bakwai tana cikin tulu, ana auna ta kamar a rijiyar Azawak da rani. Abdullahi bai bar salla ba. Makka tana bayansu, can gabas, sai ya juya ma hanya baya ya yi sallarsa.

Wani abin da suka gani bai yi musu daɗi ba. A wurin da babu gari, babu ko tsibiri, sai ga baƙaƙen dunƙulen man fetur suna yawo bisa ruwa. Manyan jiragen dakon mai ne suke wanke cikinsu su zubar. Hayardal ya kai ƙarar wannan ga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Karan bai nutse cikin mako biyu ba, maganar masana ta faɗi. Ciwon jirgin daga wutsiya ya fito. Kadai na Buduma ba shi da wutsiya mai tashi sama, don tafki bai buƙace ta ba. An ƙara ma Ra ita ne daga baya, kuma aka bar wata igiya da take cikin zanen Misirawa, mai riƙe wutsiyar da tsakiyar jirgi. An ɗauka ado ce. Ashe ita ce ƙarfin wurin. Sannu-sannu bayan jirgin ya sunkuya, ruwa ya rinƙa hawa kansa. Bayan mako takwas da tafiyar kilometir wajen 5000, hadari ya kwance shi, manyan kifaye masu cin mutum suka hana gyara. A watan yuli wani jirgi ya kwashe su, su bakwai duka lafiya, da biri da agwagwa, saura tafiyar mako guda su isa tsibirin Barbados.

A 1970 aka gina Ra na biyu, da magina daga tafkin Titikaka na Amurka ta Kudu, aka sa ma shi igiyar. Ya tashi daga Safi, ya isa Barbados cikin kwana 57. Wannan ya nuna jirgin kara yana iya ƙetare teku, amma bai nuna Misirawan da sun ƙetare ta ba. Abdullahi bai shiga tafiya ta biyu ba. Jirgin yana ajiye a gidan tarihi na birnin Oslo.